Garin Neman Gira: Kurakuran Da Ake Yi Wajen Murza Allurai A Fuska A Gida

   

Wani batu daban na shirya mana a wannan mako, sai saƙon wata 'yar uwa daga Agege a Legas ya sa na ajiye shi. Ta ce bikinta saura mako biyar, kuma baƙaƙen tabon ƙuraje sun dame ta a kumatu. Ta ga wani bidiyo a TikTok inda wata ke murza wani ɗan abu mai ƙananan allurai a fuska, aka nuna hoton kafin da na bayan, fuska sumul kamar ta jariri. Ta yi oda, aka kawo mata wanda aka rubuta 1.5 a jikin kwalinsa. Kowane dare takan murza har sai ta ga ɗigon jini, sannan ta bi da man haɗin da take shafawa. Ƙanwarta ma takan ara. Yau kwana tara ke nan, kumatun sun fi da baƙi, ƙuraje sun fito har inda babu su a da, fuskar kuma tana raɗaɗi ko ruwa ya taɓa ta. Tambayarta ita ce, ta ci gaba ne ko ta dakata?

'Yar uwa, ki dakata tun daga daren yau. Sauran bayanin zai zo a ƙasa, kuma ba ke kaɗai nake yi wa ba, domin wannan abu ya shiga gidaje da yawa. Mata na saye don tabo da nanƙarwa, samari na saye don gemu, magidanta na saye don sanƙo.

Mene ne shi, kuma yaya yake aiki?

Masu sayarwa suna kiransa damarola. Ɗan ganga ne mai mariƙi, an jera masa allurai ƙanana, wani 192, wani 540. Akwai mai kama da hatimi da ake dannawa, akwai kuma mai kama da biro da ke aiki da batir. Aikin da ake yi da su Turawa na kiransa maikuronidilin, wato tsattsaga fata da ƙananan allurai.

Dabarar ba ƙarya ba ce. Likitocin fata sun san ta, kuma wani likitan tiyata na Afirka ta Kudu, Dakta Desmond Fernandes, yana cikin waɗanda suka fara bunƙasa ta a shekarun 1990. Hikimar ita ce, idan aka yi wa fata ƙananan raunuka da gangan, jiki zai tashi gyara, ya saƙa wani sinadari mai suna kolajin, wanda shi ne ke cika fata ya ba ta ƙarfi. Da haka ramukan da ƙuraje suka bari suke ɗan cikowa a hankali. A hannun gwani, wannan hanya tana cikin waɗanda suka fi dacewa da baƙar fata, saboda ba a amfani da zafi kamar yadda ake yi da hasken leza.

To amma ki riƙe kalma ɗaya a cikin bayanin nan: rauni. Duk lokacin da kika ɗora abin nan a fuska, ɗaruruwan ƙofofi kike buɗewa a jikin katangar da ke tsare ki daga ƙwayoyin cuta. Duk kurakuran da zan lissafa, daga manta wannan suke tasowa.

Kuskure na farko: saye don matsalar da ba tasa ba

Ki wanke hannu, ki rufe ido, ki shafa wurin da ke damun ki. Idan kin ji ramuka ko gargada, wannan tabo ne na gaske, wanda naman wurin ya ragu. Idan kuwa kin ji wurin sumul, launi ne kawai ya bambanta, to abin da ke gare ki baƙin da ƙurji ya bari ne bayan ya warke. Mafi yawan 'yan uwanmu wannan na biyun ne ke damun su.

Fatarmu tana da yawan sinadarin melanin, wanda shi ke ba mu launi. Ɗabi'arsa ita ce, duk inda aka ji ciwo ko wuri ya kumbura, sai ya taru a can. Shi ya sa cizon sauro, ƙunar mai a kicin, ko ƙurjin da aka matse suke bar mana baƙin tabo na watanni. To ki duba, mai baƙin tabo ta ɗauki allura tana ƙara ji wa wurin ciwo kullum. Me jiki zai yi? Ƙarin baƙi zai turo. Abin da ya sami 'yar uwarmu ta Agege ke nan.

Irin wannan baƙi yakan dushe da kansa idan ƙurajen sun daina fitowa kuma an kare fuskar daga rana. Akwai kuma magungunan shafawa da likita zai rubuta waɗanda ke gaggauta shi ba tare da allura ba.

Kuskure na biyu: zaɓen doguwar allura

Lambar da ke jikin kwali tsawon allurar ce da milimita. Don ki gane girman abin, ɗauko katin ATM ɗinki. Kaurinsa milimita 0.76 ne. Allura mai 0.25 kusan kashi ɗaya cikin uku ce ta kaurin katin. Mai 1.5 kuwa ta kai kati biyu a haɗe. Saman fatar fuska, wanda babu jijiyar jini a cikinsa, kaurinsa bai wuce kamar milimita 0.1 ba a wurare da yawa. Wato mai 1.5 tana wucewa can ciki inda jijiyoyin jini suke.

Abin da ake yarda a yi a gida shi ne 0.2 zuwa 0.3. Daga 0.5 zuwa sama aikin asibiti ne. Mai sayarwa zai ce miki doguwar ta fi saurin aiki. Gaskiya ne ta fi shiga, amma likitan da ke amfani da ita yana canza zurfi daga goshi zuwa kumatu, domin kaurin fata ba ɗaya ba ne a ko'ina, ga safar hannu, ga allura sabuwa fil daga leda. Hukumar kula da abinci da magunguna ta Amurka, FDA, sai a 2018 ta fara amincewa da irin wannan na'ura, mai suna SkinPen, domin ramukan tabon ƙuraje ga waɗanda suka kai shekara 22. Kuma ta bayyana cewa ba ta ba da izinin a sayar wa kowa da kowa irin na'urorin da ke shiga fata sosai don ya yi wa kansa a gida ba.

Sai ki sani, gajeriyar allurar gida ba za ta cike rami mai zurfi ba, haka ma tsohuwar nanƙarwa. Iyakarta ta ɗan gyara laushin fata. Duk wanda ya yi miki alkawarin fiye da haka, kuɗinki yake so. Kuma in dai kin ga jini a gida, kin wuce gona da iri.

Kuskure na uku: murzawa a kan ƙuraje da ciwon fata

Ƙurji mai ruwa ɗauke yake da ƙwayoyin cuta. Idan allura ta fasa shi, sai ta kwashi abin da ke ciki ta dasa a duk inda ta bi. Haka abin yake ga maruru, makero, ƙyasbi, kirci, ƙananan tsiron fata, da ƙurajen zazzaɓi da ke fitowa a gefen leɓe. Waɗannan na leɓe ƙwayar cutar bairos ce ke kawo su, takan kwanta a jiki, rauni kuma yana iya tayar da ita ta bazu a fuska. Haka nan kada ki bi ta kan baƙin tambarin da aka haife ki da shi, ko wani ɗigo da kika ga yana girma ko yana canza kama. Wannan na likita ne ya gani.

Ƙa'idar a taƙaice ita ce a fara kashe ƙurajen, sannan a yi maganar tabo. Ba a share ɗaki ana kan zuba shara.

Kuskure na huɗu: aro da bayar da aro

Wannan ya fi kowanne tayar mini da hankali. Mun daɗe da koyon darasi a kan aska da reza. Magidanta da yawa yanzu da injinsu suke zuwa wurin aski, uwa kuma ba ta yarda a yi wa ɗanta kaciya ko a huda wa 'yarta kunne da ƙarfen da aka yi wa wani amfani da shi. To wannan abu allurai ne ɗari da ɗoriya, kowace tana iya riƙe jinin da ido ba ya gani.

Ƙwayar cutar ciwon hanta nau'in B tana iya rayuwa a wajen jiki aƙalla kwana bakwai, kamar yadda Hukumar Lafiya ta Duniya ta bayyana. Babban binciken da aka yi a faɗin Najeriya a 2018 ya gano cewa kimanin kashi 8 cikin 100 na manya suna ɗauke da ita, kuma da yawansu ba su sani ba, domin takan yi shekaru ba alama. Ƙanwarki, kishiyarki, aminiyarki, har mijinki, kowa da nasa.

Haka kuma ki kula da wurin masu gyaran jiki. A watan Afrilun 2024, hukumar yaƙi da cututtuka ta Amurka, CDC, ta fitar da rahoto a kan wani shagon kwalliya marar lasisi a birnin Albakaki na jihar New Mexico, wanda aka rufe tun 2018. A can ana ɗibar jinin mace, a tace, a mayar mata a fuska da irin waɗannan allurai. Mata uku aka gano sun kamu da ƙwayar cutar HIV ta wannan hanya. Masu bincike sun tarar da kwalaben jini marasa suna a firij ɗaya da abinci. Idan haka ta faru a ƙasar da ake sa ido sosai, ina ga ɗakin da aka raba da labule a bayan shago? Duk inda za a taɓa ki da allura, a buɗe sabuwa a gabanki. In an ce an riga an wanke, ki ɗauki jakarki.

Kuskure na biyar: wankin ganin ido

Ɗauraye shi da ruwan famfo, ko goge shi da tsumma, ko jefa shi cikin jakar kwalliya tare da hoda da gazal, duk gayyatar cuta ne. Ajiye shi a banɗaki ma haka, musamman a garuruwa masu laima irin Legas, Fatakwal da Warri, inda abu ba ya bushewa da wuri.

Mai amfani da gajeriyar allura sai ta jiƙa kan a cikin sifirit mai ƙarfin kashi 70 na minti goma kafin amfani da kuma bayansa, ta bar shi ya bushe da kansa, sannan ta mayar da shi cikin murfinsa. Ko da hakan, sifirit rage ƙwayoyin cuta yake yi, ba ya kawar da su duka. Shi ya sa a asibiti sau ɗaya ake amfani da kan allura a jefar. Kada ki tafasa shi, robar za ta lalace alluran su karkace.

Alluran kuma suna dakushewa. Wadda ta lanƙwashe yagar fata take yi maimakon huda ta. Ki haska shi da fitila, ki jawo hoton kusa da kyamarar wayarki. In kin ga ko ɗaya ta karkace, ko ya taɓa faɗuwa ƙasa, ko kin yi amfani da shi kamar sau goma, ki naɗe shi ki jefar inda yara ba za su tsinta ba. Wanda aka kawo miki a kwali buɗaɗɗe, babu sunan kamfani, kada ma ki fara. Araha ba ta ado.

Kuskure na shida: abin da ake shafawa bayan an gama

A nan ne matan ƙasar nan suka fi shiga haɗari. Hukumar Lafiya ta Duniya ta taɓa ba da rahoton cewa kashi 77 cikin 100 na matan Najeriya suna amfani da mayukan ƙara haske, kuma a 2023 hukumar NAFDAC ta ce lamarin ya zama na gaggawa ga lafiyar ƙasa. Da yawa daga cikin mayukan haɗi da ake sayarwa a roba ba takarda suna ɗauke da haidirokwinon, ko sitiroid mai ƙarfi, ko ma sinadarin makuri mai lalata ƙoda.

Lafiyayyar fata tana tare wani kaso na abin da aka shafa mata. Wadda aka huda kuwa ta zama rariya. Masu talla har alfahari suke yi da cewa abin yana sa mai ya shiga sosai. To guba ma haka take shiga sosai. Sannan wadda ta daɗe tana shafa mai mai sitiroid, fatarta ta riga ta yi siriri, jijiyoyi sun fito, rauni ba ya saurin warkewa. Irin wannan fata ko gajeriyar allura ba ta dace da ita ba. Yawan haidirokwinon kuma yana kawo wani baƙi mai shuɗi-shuɗi a kan ƙashin kumatu, wanda fitar da shi ke da matuƙar wuya.

Ko man da ba na bilicin ba ne yana iya cutarwa. A 2014 wata mujallar likitocin fata ta Amurka ta kawo labarin mata uku da fuskarsu ta yi ƙulli-ƙulli masu tauri bayan an yi musu wannan aiki, biyu daga cikinsu an shafa musu ruwan bitamin C ne a lokacin. Abin da aka haɗa don saman fata, in ya shiga cikin nama, jiki yana ɗaukar sa baƙo ya yi ta yaƙi da shi har watanni.

Saboda haka, bayan allura babu lemon tsami, babu kurkur, babu dilka, babu halawa, babu sabulun salo, babu turare, babu man da ke sa fata saɓa, babu sirace, har sai fuskar ta huce sarai. Hoda da sauran kayan kwalliya su jira aƙalla awa 24. Man da ba shi da ƙamshi ko launi, mai riƙe laima kawai, ya wadatar.

Akwai kuma masu lafta man kashe zafi don su jure doguwar allura. A 2007 hukumar FDA ta yi gargaɗi bayan mutuwar wasu 'yan mata biyu da suka shafa irin wannan mai da yawa a ƙafafu suka naɗe da leda kafin a cire musu gashi. Zafi ɗan aike ne, yana gaya miki kin yi zurfi. In sai kin kashe shi kafin ki iya, aikin ya fi ƙarfin gida.

Kuskure na bakwai: yawan yi da dannawa

A asibiti akan bar mako huɗu zuwa shida tsakanin zama da zama, kuma akan yi zama uku zuwa shida kafin a ga canji na sosai. Dalili kuwa, kolajin ba ya ginuwa a dare ɗaya, watanni yake ɗauka. Mai murzawa kullum tamkar manomi ne da ya yi shuka, kowace safiya ya tone ramin ya ga ko ta tsiro.

Ga gajeriyar allura, sau ɗaya a mako ya isa, kuma sai in fuskar ta koma daidai. Ba a dannawa, nauyin abin kansa ya wadatar. A murza ta fuska ɗaya sau huɗu ko biyar, ana ɗagawa, kada a ja shi a karkace. Fatar ido, leɓe da kan hanci a bar su. Wanda ya danna da ƙarfi yana iya samun tabo a jere kamar sawun taya, daidai da jerin alluran.

Kuskure na takwas: fita rana da ƙura

Wadda ta yi da safe ta hau babur zuwa kasuwa, ta haɗa wa fuskarta rana, gumi, hayaƙin mota da ƙura a lokaci guda. Rana ita ce babbar mai tayar da melanin, kuma kasancewarmu baƙaƙe bai hana ta ƙara mana baƙin tabo ba. A nemi man kariya daga rana mai lamba 30 ko sama, a fara shafawa washegari. A lokacin hunturu, da fata ke bushewa tana tsagewa, ya fi kyau a haƙura gaba ɗaya.

Ga masu alwala, lokacin da ya fi dacewa shi ne bayan sallar isha'i, don fuskar ta sami hutun dare. Da asuba a yi amfani da ruwa mai tsabta, in da hali wanda aka tafasa ya huce, a butar da aka wanke, ba tare da gurzawa ba. A canza rigar matashin kai, a sa wankakken hijabi ko niƙabi, a goge fuskar waya. Tsayuwa a kan murhu ko tukunya mai tururi ma a rage a ranar.

Kuskure na tara: rashin sanin cewa ba kowa ya dace da shi ba

Duba kunnenki, ƙirjinki da kafaɗarki. Idan hujin kunne, ko lambar rigakafi, ko wani tsohon ciwo ya taɓa bar miki tabo mai tudu wanda ke ci gaba da girma yana ƙaiƙayi, wanda likitoci ke kira kiloid, to ki nisanci abin nan. Irin wannan tabo ya fi yawa a baƙar fata, yana bin jini a wasu dangi, kuma ko an yanke shi yakan dawo. In mahaifiya ko 'yan uwa suna da shi, a yi hattara.

Haka nan mai ciwon sukari da bai daidaita ba, mai shan maganin tsinka jini, mai raunin garkuwar jiki, wadda ke shan maganin ƙuraje mai ƙarfi da ake kira isotiretinoyin ko ta daina kwanan nan, da mai cutar da ke sa fata yin fari-fari, duk kada su fara sai da izinin likita. Mai juna biyu da mai shayarwa su jinkirta. Iyaye kuma a lura da 'yan mata da samari masu tasowa. Shekarunsu na ƙuraje ne, kuma su ne suka fi kallon waɗannan bidiyoyi.

Maigida da samari, ku matso

Na san wasunku suna murza shi a haɓa da tsakar kai, su bi da maganin tsirar gashi mai suna minoksidil. Akwai binciken da aka yi a birnin Mumbai na Indiya a 2013 a kan maza ɗari masu sanƙo, wanda ya nuna haɗa biyun ya fi maganin shi kaɗai. Amma a asibiti aka yi musu, kuma ba a shafa maganin a ranar da aka yi allurar ba. Asalin minoksidil maganin hawan jini ne. In ya shiga jini da yawa ta fatar da aka huda, yana iya kawo bugun zuciya da jiri. Ka bar aƙalla awa 24 tsakani. Idan kana da ƙurajen aski a haɓa ko a ƙeya, kada ka kusanci wurin da allura, domin nan ne tabo mai tudu ya fi son fitowa.

Uwargida mai zubewar gashin goshi, ke kuma fara duba kitsonki. In ana ja da ƙarfi, ko ƙarin gashi ya yi nauyi, sassautawa ita ce maganin farko.

Alamomin da ba a jira da su

Ɗan zafi da ɗaurewar fata na kwana ɗaya ko biyu ba abin damuwa ba ne. Amma a baƙar fata ja ba ya fitowa sosai, don haka kada ki jira ganin ja. Idan wurin ya yi zafi a hannu, kumburi na ƙaruwa bayan kwana biyu, fata na sheƙi, ruwa ko mugunya na fita, kaluluwa ta fito a wuya, ko zazzaɓi ya zo, a tafi asibiti a ranar. Kumburin da ya doshi ido ko gefen hanci ya fi kowanne gaggawa. Kada a fasa kafso a barbaɗa, kada a shafa man goge baki, kada a sayi man nan mai haɗi uku a kemis, domin akwai sitiroid a cikinsa, zai kwantar da abin a ido cutar kuma tana ci a ciki.

Komawa ga amaryarmu

'Yar uwa, ga abin da nake ba ki shawara. Ki jefar da abin, ki ajiye man haɗin. Amma idan kin daɗe kina shafa shi, ki tafi da robar wurin likita, domin mai sitiroid a ciki in an yanke shi farat ɗaya fuska takan yi bore, likita ne zai tsara miki yadda za ki rabu da shi. Ki riƙa wanke fuska da ruwa mai tsabta da sabulu marar ƙarfi, ki shafa mai marar ƙamshi, ki guji rana. Cikin makon nan ki nemi likitan fata. Asibitocin koyarwa irin na Idi-Araba a Legas, na Ibadan, da Babban Asibitin Ƙasa a Abuja duk suna da sashen fata, babban asibitin gwamnati mafi kusa da ke kuma zai iya tura ki. Ki faɗa masa gaskiyar duk abin da kika yi, har da batun aro, don ke da ƙanwarki a yi muku gwajin ciwon hanta da na HIV a lokacin da ya dace, a kuma duba batun rigakafin ciwon hantar.

Mako biyar zai iya isa ƙurajen su lafa, raɗaɗin ya tafi. Baƙin kuwa ba zan ɓoye miki ba, yana iya ɗaukar watanni. Ranar biki mai kwalliya za ta rufe shi, in dai fatar ta warke. Ki gaya wa mai gyaran jiki a bar fuskar, a yi sauran jiki. Sauran amare masu zuwa kuma, duk wani sabon abu da za a gwada a fuska a fara shi wata shida kafin biki, ba saura kwanaki ba.

Son gyara ba laifi ba ne, kuma na san yadda tabon fuska ke hana mace sakewa a cikin taro. Sai dai fuska ɗaya ce, ba a canza ta kamar atamfa. Kuɗin da za a kashe a kan damarola da mayuka kala-kala, a ƙarshe a koma neman magani, ya isa kuɗin kati da ganin likita tun farko. Kada garin neman gira a rasa ido.

Mai tambaya ko ƙarin bayani zai iya aiko da saƙo ta hannun edita kamar yadda aka saba. Allah Ya ba marasa lafiyarmu lafiya, Ya sa a yi bikin 'yar uwarmu cikin farin ciki, Ya ba su zaman lafiya. Sai mako mai zuwa idan Allah Ya kai mu.